Rayyisa Mabruka Ba Ta Cikin Littafin

Yayata Afaf, wadda mu 'yan gida muke kira Abla, mutanen waje kuma su ce mata Dakta, ta yi ritaya daga koyar da tarihi da buri guda a ranta. So take ta rubuta littafi a kan jiragen katako da suka riƙa ɗaukar shinkafa daga garuruwanmu na Rashid da Dumyat zuwa garuruwan Sham, su dawo da sabulu da taba da itacen gini. Ta shafe shekaru tana shaƙar ƙurar tsofaffin takardun kotu, har ta san wane mai jirgi ne ya kai ƙarar wane a kan buhunan da suka jiƙe. Teku ce kawai ba ta sani ba. A Iskandariyya aka haife mu, tagar ɗakinta tana kallon ruwa, amma ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba.

Ni ne na haɗa ta da Kyaftin Midhat, domin mun yi zamani tare a tashar jiragen ruwa, ina kwastan, shi kuma yana shigo da manyan jirage bakin tasha. Mutum ne mai faɗin ƙirji da gashin baki fari, wanda in ya ce a kawo masa shayi sai a ji shi a ƙarshen layi. Ya san iska da igiyar ruwa, wannan ba wanda zai ƙwace masa. Ya kuma san komai da komai a duniya, a ganinsa.

A kan teburin cin abincin Abla suke aiki, bayan la'asar. Ni nakan zauna gefe da jarida, tunda ni ke ɗauko shi a mota in kuma mayar da shi. Kyaftin ba ya zama. Zagaya teburin yake yi, hannu a baya, yana shifta, Abla tana bugawa a kwamfuta. In ya gama sai ta karanta masa, ya tarar rabin maganarsa ta ɓace. Ya tambayi ina guguwar da ya sa a shafin, ta ce ba ta ga guguwa a takardar kotu ba. Ya ce kowane jirgi yana haɗuwa da guguwa. Ta ce wannan dai bai haɗu ba, ko kuma in ya haɗu bai shaida wa alƙali ba.

Duk da haka akwai ranakun da aikin yake daɗi. Ta taɓa cijewa a kan wata shari'a, inda wani jirgi ya zauna a bakin kogi har shinkafarsa ta fara tsami, mai kayan yana zargin matuƙin da lalaci. Kyaftin ya tambayi watan, ta faɗa masa. Ya jawo farantin burodi da cokula ya shirya su a kan tebur, ya nuna mata yadda iskar arewa take tara yashi a bakin kogin a wannan lokaci, ta yadda jirgi mai nauyi ba shi da hanyar fita. Ta rubuta babi guda da wannan bayani, ta kuma ce masa ya yi amfani, abin da ban taɓa jin ta gaya wa wani mahaluki ba. Ya yi mako yana maimaita wa mutane a gidan shayi.

Da suka gama sai aka kai wa Ustaz Wagdi, mai kamfanin ɗab'i, wanda ya fara sana'a da buga katin biki kuma har yanzu da idon katin biki yake kallon kowace takarda. Ya ɗaga rubutun ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce aiki ya yi kyau. Shawararsa ta farko ita ce a cire bayanan ƙasan shafi, wai suna tsorata mai saye. Abla ta ce in an cire su ita ma a cire sunanta. Aka bar su, amma aka ƙanƙance rubutunsu har sai mutum ya nemi tabarau biyu. Sannan aka shiga rigimar sunan wa zai zo a sama. Kyaftin ya ce shi ne babba a shekaru. Abla ta ce ita ce ta rubuta. Ustaz Wagdi ya raba gardama da jera sunayen a layi ɗaya, kowa ya tafi gida yana ganin an cuce shi.

Ranar da littafin ya fito, muka buɗe kwali muka ga bangonsa ɗauke da wani ƙaton jirgin yaƙin Turawa, igwa na aman wuta ta kowane gefe. Abla ta kira Ustaz Wagdi ta tambaye shi ina ya ga igwa a cikin littafin shinkafa. Ya ce hoton buhu ba ya sayar da littafi, kuma jirgi ai jirgi ne. Kyaftin ya ɗauki kwafi ya riƙe a ƙirji, ya ce in ɗauke shi hoto.

Daga nan aka shiga yawon talla, ni ne direba. Muka je baje kolin littattafai a Alƙahira, aka ba su tebur a lungu kusa da banɗaki. Yawancin waɗanda suka tsaya a gabansu tambayar hanya suke yi. Wani dattijo ya ɗauki littafin ya juya shi, ya tambaya ko akwai maganin ciwon gwiwa a ciki. Muka je wani kulob na masu ilimi a nan garin, inda shugaban taro, wanda bai ko yage ledar kwafinsa ba, ya yi dogon jawabi a kan tafiyar da ya taɓa yi a jirgin ruwa zuwa Italiya yana saurayi, da yadda ya yi amai. Da aka zo kan marubuta sai aka ce su taƙaita, domin an kawo lemo da biskit. Masu tambaya kuwa kowa ya tashi sai ya ce shi ba tambaya ce da shi ba, ƙarin bayani ne.

Ustaz Wagdi ne ya samo musu gurbi a wani shirin talabijin na safe, tsakanin mai koyar da girki da likitan fata. Na zauna a bayan kyamara ina kallo. Mai gabatarwa wata yarinya ce mai fara'a wadda ta kira Abla da Dakta Awatif tun daga farko har ƙarshe. Ta tambayi me littafin ya ƙunsa. Abla ta fara bayanin yadda ake awon shinkafa da yadda ake biyan haraji a bakin tasha, a tsanake, kamar tana gaban ɗalibai. Na ga idon yarinyar ya koma kan wayarta da ke ɓoye bayan gilashin fure. Wani mutum mai abin ji a kunne ya fara juya yatsa a iska, alamar a naɗe tabarma.

Kyaftin ma ya gani. Ya gyara zama, ya sa hannu a ƙirji, ya ce akwai labarin da ya fi taɓa shi a duk binciken da suka yi, labarin Rayyisa Mabruka, mace ɗaya tilo da ta taɓa shugabantar jirgi a wannan gaɓa. Mijinta ya mutu a tsakiyar teku, in ji shi, 'yan fashi suka kewaye jirgin, ta ɗaure jaririnta a baya, ta kama akalar jirgin da hannu ɗaya, takobi a ɗayan, ta shigo da shinkafar mutane Rashid ko ƙwaya ba ta zube ba. Yarinyar ta ajiye waya. Mai juya yatsa ya sauke hannu. Har mai girki ta leƙo da ludayi. Abla ta buɗe baki za ta yi magana, aka tafi talla.

A mota, da muka hau babban titi, Abla ta juya ta dubi Kyaftin.

"Kyaftin, a wane shafi take?"

"Haba Dakta, kin ga fa yarinyar nan barci take shirin yi."

"Na ce a wane shafi take."

"Ba ta cikin littafin. Amma irinta ba za a rasa ba a wancan zamani."

"Kuma jirgin daga Rashid yake ɗaukar shinkafa, ba kawo ta yake yi ba. Ko ƙaryar ma ba ka juya ta daidai ba."

Ya ce gobe kowa ya manta. Kafin mu iso gida ɗan guntun bidiyon ya zagaya wayoyin mutane. Matata ta kira ni tana tambayar me ya sa ban taɓa ba ta labarin Mabruka ba. Kwafin da ke jibge a shagon Ustaz Wagdi suka fara tafiya. Masu saye suna bincike daga bango zuwa bango ba su ga matar ba, wasu su dawo suna ƙorafi, shi kuma ya ce musu tana nan, a karanta da natsuwa. Wata makarantar 'yan mata ta shirya wasan kwaikwayo a kanta. Wani gidan abinci a bakin ruwa ya sa wa shinkafa da kifinsa sunanta. Wani mai zane ya zana ta da koren ido da gashi har gadon baya, hoton ya bazu kamar shi ya ɗauke ta da kyamara.

Kyaftin kuwa ya zama ɗan gayyata. Ya fito da tsohuwar hularsa ta aiki, ya sa aka wanke ta. Duk inda ya je labarin sai ya ƙara ƙiba. Jaririn ya zama tagwaye. 'Yan fashin suka tashi daga jirgi ɗaya suka koma rundunar jirage. Ya daina zuwa teburin Abla, ni ma na daina ɗauko shi, don yanzu mota ake aiko masa.

Abla ta zauna ta rubuta raddi mai tsawo, ta aika wa jaridu. Guda ɗaya ce ta buga, bayan ta yanke shi ta bar ɗan sakin layi, ta sa masa kanu wai masana sun yi saɓani a kan jarumar Rashid. Waɗanda suka karanta a waya suka yi mata ca. Wasu suka ce hassada ce irin ta mace ga mace. Wasu suka ce 'yan jami'a ba sa son talaka ya yi alfahari da komai. Wata tsohuwar ɗalibarta ta kira ta cikin ladabi, ta ce tana rubuta kundin digiri a kan Mabruka, ko Dakta za ta taimaka mata da madogara. Ustaz Wagdi ya zo gida da kwalin kayan zaƙin nan na kunafa, yana roƙon a ƙara babi guda a bugu na biyu, ko shafi kaɗan ne, a ce ana faɗa a baki. Ta karɓi kunafar ta ba mai gadi, ta raka shi bakin ƙofa.

Ana cikin haka wata ƙungiya a Rashid ta aiko da gayyata, za a buɗe allon marmara don tunawa da Rayyisa Mabruka a bakin kogi, ana son marubutan biyu su halarta. Na ɗauka Abla za ta yaga katin. Sai ta ce in duba man mota. Da daren da ya gabaci tafiyar Kyaftin ya kira ni, muryarsa ba ta kai ƙarshen layi ba wannan karon. Ashe gidaje biyu ne a garin suka tashi, kowanne yana cewa Mabruka kakarsu ce. Gidan Alhaji Fatuh masu sayar da kifi sun fito da wani tsohon takobi. Gidan Abul Naga masu sassaƙa kwalekwale sun fito da akwatin aurenta. Kowane ɓangare ya kira Kyaftin ya shaida masa cewa a wurin taro ake so ya faɗi gidan da ta fito. Ya tambaye ni ko za mu rage masa hanya.

Muka tafi mu uku, shi a baya, hular a kan cinya. An kafa rumfa a bakin kogi, an jera kujeru, gidajen biyu sun zauna dama da hagu kamar masu jiran hukunci. 'Yan makaranta suka rera waƙa. Shugaban ƙungiyar ya yi jawabi, ya ce tun yana yaro kakarsa take ba shi labarin Mabruka, bai dai taɓa samun damar faɗa ba. Wani malami daga wata jami'a ya yi bayanin matsayin Mabruka a tarihin matan gabas, har da shekarar haihuwarta. Sannan aka kira Kyaftin. Ya tsaya gaban makirufo ya dubi dama ya dubi hagu, ya share gumi, ya ce a al'adar masana mace ake fara ba wa dama, don haka Dakta ce za ta yi magana.

Abla ta tashi ba gaggawa. Ta gaishe da mutanen Rashid, ta ce kakanninsu sun ciyar da garuruwa da yawa da shinkafarsu, kuma sunayensu na gaskiya suna cikin littafin ga mai son gani, har da na wani Abul Naga da aka taɓa ci tara saboda jirginsa yana yoyo. Sannan ta ce ba a taɓa yin wata Rayyisa Mabruka ba. Ba ta cikin takardun kotu, ba ta cikin littafin, a gaban idonta aka haife ta a ɗakin talabijin, tsakanin girki da maganin ƙuraje. Ta koma ta zauna.

Sai shugaban ƙungiyar ya karɓi makirufo, ya gode wa Dakta da ta kawo nata ra'ayin, ya ce ilimi da saɓani yake ci gaba. Aka tafa mata. Ina ganin wannan tafin ne ya fi komai ƙona mata rai.

Ban san abin da ya shiga kan Kyaftin ba. Wataƙila fuskarta ya kalla, wataƙila kuma ya lissafa ya ga faɗin gaskiya ya fi zaɓen gida ɗaya sauƙi. Ya miƙe ya koma gaban makirufo ba wanda ya kira shi.

"Jama'a, abin da Dakta ta faɗa haka yake. Ni na ƙirƙire ta. Ku yafe mini."

Alhaji Fatuh, wani gajeren tsoho mai rawani, ya ɗaga sandarsa ya nuna shi.

"Nawa gidan Abul Naga suka ba ka, Kyaftin? Ka ga takobi ya kashe maganarsu, shi ne za ka ce babu ita gaba ɗaya?"

Daga ɗaya ɓangaren wani ya amsa cewa takobin a kasuwar gwanjo aka saye shi, kowa ya sani. Aka ce akwatin ma ai na kakar matar wani ne daga garin Tanta. Kujeru suka fara motsi. Malamin jami'ar ya matso kusa da Kyaftin, ya ce masa cikin girmamawa cewa shi mai ruwaya ne kawai, kuma mai ruwaya ba shi da ikon soke abin da ya riga ya tabbata a zukatan al'umma. Shugaban ƙungiyar ya ga abin zai lalace, ya yi sauri ya ja ƙyallen da ke rufe da allon, masu ganga suka buga, mu kuma wani ɗan sanda ya raka mu mota ta bayan rumfa.

A hanya muka tsaya wata rumfar kifi, don tun safe ba wanda ya sa komai a ciki. Aka kawo gasasshen kifi da shinkafa da salak da burodi da shayi. Kyaftin yana ta tsintar ƙaya bai ɗaga kai ba. Abla ta ci ta ƙoshi, ta wanke hannu, sannan ta tambaye shi inda ya samo sunan. Ya ce sunan wani ƙaramin jirgin jan jirage ne da ya yi aiki da shi a tasha, mai hayaƙi, kullum a lalace. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Ita ba ta yi ba, amma ta tura masa ragowar burodinta.

Bugu na biyu ya fito ba tare da ƙarin babi ba, tunda Abla ta ƙi sa hannu. Ustaz Wagdi ya cire jirgin yaƙin ya sa hoton mai koren ido, ya rubuta a ƙasa cewa wannan ne littafin da ya tono Rayyisa Mabruka. Abla ta je wurin lauya, lauyan ya saurare ta har ƙarshe, ya ce shari'ar za ta ɗauki shekaru, sannan ya roƙe ta ta sa wa 'yarsa hannu a kwafi, don yarinyar ita ta fito a Mabruka a wasan makarantarsu.

Kyaftin an daina gayyatarsa. Masana Mabruka sun yi yawa yanzu, kuma ba wanda yake son mai ruwayar da ke ƙaryata kansa. Bayan wasu makonni ya kira ni ya ce in zo in ɗauke shi, yana da magana da Dakta a kan jiragen alkama na Bahar Maliya, waɗanda ta taɓa cewa su ne littafi na gaba. Ta buɗe masa ƙofa, ta dube shi, ta ce in ya yarda duk abin da ya shafi hira da 'yan jarida ita kaɗai za ta riƙa zuwa, to ya shigo. Ya ce ai da haka ba za a sayar da ko kwafi ɗaya ba. Ta ce ta sani. Ya cire takalmi ya shiga, ni kuma na koma ƙasa neman inda zan ajiye mota.